Wane Littafin Atisaye Ya Dace da Masu Koyon Cekmet a Wasan Ces?

Tambaya: Ni malami ne, ina koyar da wasan ces ga ɗalibai goma sha biyu, 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu. Sun iya tafiyar kowane ɗa a kan allo, suna kuma cinye 'ya'yan abokin karawa har su bar shi da sarki tilo, amma daga nan sai su yi ta zagaye da shi ba tare da sun gama wasan ba. Ina so in saya musu littattafan atisaye na cekmet, wato kai wa sarki harin da ba shi da hanyar tsira daga gare shi, wanda da shi wasa yake ƙarewa. Wane iri ya kamata in nema, kuma yaya za mu yi aiki da shi?

Amsa: Malam, kafin ka fitar da kuɗinka, ya kamata ka san cewa abin da ake kira cekmet na matakin farko ya kasu gida biyu, kuma littafin atisaye ba ya koyar da su biyun daidai wa daida. Na farko shi ne gane siffa, wato ɗalibi ya dubi allo ya hango cewa taku ɗaya ko biyu ya rage a rufe wa sarki kowace ƙofa. Na biyu shi ne dabarar kora, wato a ɗauki sarkin da ke yawo shi kaɗai a tsakiyar allo a yi ta matsa masa har ya kai baki, sa'annan a gama da shi. Takarda da fensir suna koyar da na farko sosai, amma na biyun ba ya zama a hannu sai an buga shi da abokin karawa mai amsawa. Abin da ke damun ɗalibanka na kashi na biyu ne, saboda haka littafi kaɗai ba zai raba su da shi ba. Duk da haka suna bukatar littafin, domin wanda bai san siffar da yake nema a ƙarshe ba, ba zai san inda zai kora sarkin ba.

Sarkin da ke tsakiyar allo yana da gidaje takwas kewaye da shi, idan ya koma baki su zama biyar, idan ya shiga kusurwa su zama uku. A kan wannan ɗan lissafi aka gina ilimin cekmet gaba ɗayansa. Wanda kuma aka kai wa cek, wato aka kai wa sarkinsa hari, hanyoyin tsira uku kawai yake da su: ya gusar da sarkinsa zuwa gidan da babu hari, ko ya cinye ɗan da ya kai harin, ko ya gitta wani ɗa a tsakani. Ma'aunin da nake auna kowane littafi da shi ke nan: shin yana tilasta wa ɗalibi ya bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, ya kuma duba hanyoyin nan uku, ko kuwa yana barinsa ya yi canki-canka har ya dace da amsa?

Ga misalin abin da nake nufi. Ka ajiye baƙin sarki a g8 (da harafi da lamba ake kiran kowane gida a kan allo), da sojojinsa uku a gabansa, a f7 da g7 da h7, sa'annan farin ruk, wato ɗan da ke tafiya a miƙaƙƙen layi, a e1 da farin sarki a g1. Ruk ya hau e8, wasa ya ƙare, domin sojojin sarkin ne da kansu suka toshe masa gaba, gidajen f8 da h8 kuma suna kan layin ruk. Kowane littafi yana da wannan zane. Littafi mai kyau shi ne wanda zai sa wani zanen kusa da shi, komai iri ɗaya, illa sojan h7 ya matsa zuwa h6, ya tambayi ɗalibi ko takun ɗazu har yanzu cekmet ne. Yaron da ya haddace hoto zai ce haka ne, wanda ya ƙirga gidaje kuwa zai ga cewa h7 ya buɗe. Na sha ganin yara suna ɗaga hannu cikin murna suna shelar cekmet a irin wannan matsayi, abokin karawa ya yi shiru ya tura sarkinsa gidan da ya buɗe, kuma daga wannan lokaci hankalin mai shelar ya tashi har ƙarshen wasa. Zane biyu masu kama da juna, ɗaya yana aiki ɗaya ba ya yi, sun fi zane goma da duk suke aiki.

Saboda haka idan ka buɗe littafi, kada ka tsaya ga yawan tambayoyinsa, ka duba ire-irensu. Ka nemi wanda yake da shafukan da ake nuna matsayi a ce ɗalibi ya faɗa ko cek ne, ko cekmet, ko sitalmet, wato halin da mai taku ba ya ƙarƙashin cek amma ba shi da wani takun halas, wanda hukuncinsa kunnen doki ne. Ka nemi shafukan da ake ba ɗalibi sarauniya ko doki a hannu a ce ya ajiye shi a gidan da zai zama cekmet, da waɗanda ake ce masa ya yi alama a kan duk gidan da sarki ba zai iya takawa ba, da waɗanda shi ne ake shirin yi wa cekmet, aikinsa ya gano barazanar ya kare kansa. Tsarin koyarwa na matakai shida da Rob Brunia da Cor van Wijgerden suka fara a ƙasar Holan a 1987 ya yi fice a wannan fanni. Littattafan atisayensa sirara ne, yawancin shafukansu na ɗauke da zane goma sha biyu, kuma matakin farko ba ya gaggawar kai ɗalibi ga cekmet sai ya ratsa ta kai hari da cin ɗa da karewa da fita daga cek. Wasu malamai suna ganin hakan jan ƙafa ne, ni kuwa ina ganin shi ne daidai, domin cekmet ba komai ba ne illa cek ɗin da hanyoyin fita uku suka ƙare masa, kuma wanda bai san hanyoyin ba ba zai tabbatar sun ƙare ba.

Dalilin da ya sa maimaita zane-zane yake da amfani sananne ne. Adriaan de Groot, masanin halayyar ɗan Adam daga Holan wanda shi ma gwanin ces ne, ya wallafa bincikensa a 1946, inda ya nuna cewa manyan gwanaye kan dubi matsayin wasa na 'yan daƙiƙu su sake jera shi kusan babu kuskure. A 1973 William Chase da Herbert Simon suka sake gwajin a Amurka, suka ƙara da allon da aka watsa wa 'ya'ya barkatai, sai fifikon gwani ya kusa ɓacewa. Ma'ana, gwani ba ya tuna 'ya'ya ɗaya-ɗaya, yana ganin gungu-gungu ne na siffofin da ya saba da su. Siffofin cekmet da mai koyo yake bukata kuma ba su da yawa. Akwai na layin baya da na kawo a sama. Akwai sarauniya manne da sarki alhali wani ɗa yana tsaronta. Akwai wanda ake kira cekmet na Larabawa, inda baƙin sarki yake h8, farin doki a f6, ruk kuma a h7: dokin yana tsaron ruk, yana kuma hana g8, ruk ɗin yana hana g7. An ba shi wannan suna ne saboda tsufansa, domin tafiyar ruk da ta doki ba su sauya ba tun zamanin shaɗaranji, tsohon wasan da ces ya samo asali daga gare shi. Akwai kuma na shaƙewa, inda sarki yake h8, ruk ɗinsa a g8, sojojinsa a g7 da h7, doki ya dira f7 babu mai iya taɓa shi. Wannan yana cikin littafin da Lucena ya buga a ƙasar Sifen a 1497. Yana da kyau littafi ya nuna wa yara cewa siffofin nan daga wasanni na gaske suka fito, kamar wasan da gwanin ces na Amurka Paul Morphy ya buga a gidan opera na birnin Faris a 1858, inda ya sadaukar da sarauniyarsa a taku na 16, ya gama a taku na 17 da ruk a d8, bishof, ɗan da ke tafiya a layin karkace, na tsaronsa daga g5.

Za ka ji ana yawan ambaton babban kundin László Polgár na ƙasar Hangari, mahaifin gwanayen ces mata Susan da Sofia da Judit, wanda ya fito a 1994 da tambayoyi 5334. A cikinsa akwai cekmet na taku ɗaya guda 306, na taku biyu 3412, na taku uku 744, sauran kuma gajerun wasanni ne da ƙarshen wasa da haɗakar dabaru. Kashi na farko, wato 306 ɗin nan, taska ce ga ɗalibanka, kuma an jera shi daga allo mai 'ya'ya kaɗan zuwa mai cunkoso. Amma ba littafin da za a miƙa wa yaro ba ne a ce ya je ya yi, domin bayani kaɗan ne a cikinsa, nauyinsa kaɗai ya isa ya karya wa ɗan shekara takwas gwiwa, kuma da yawa daga cikin tambayoyin taku biyu ƙagaggun matsaloli ne na mawallafa, waɗanda amsarsu ke farawa da taku mai laushi da ba cek ba. Ka sayi kwafi ɗaya ya zauna a hannunka, kana jera musu matsayi daga ciki. Akwai kuma littafin da ya fito a 1966 da sunan gwanin ces na Amurka Bobby Fischer, wanda aka tsara shi tambaya a shafi ɗaya amsa a shafi na gaba, ba ya ma bukatar allo ko sanin rubutun taku. Yana da daɗin bi ga mai koyo shi kaɗai, sai dai mafi yawansa a kan cekmet na layin baya yake, don haka ba zai wadatar ba.

Abubuwa uku ka kiyaye wajen zaɓi. Littafin da ya rubuta a saman kowane shafi cewa cekmet da doki ne, ko da bishof ne, ya riga ya ba da rabin amsa. Hakan ya dace a farkon darasi, amma dole a sami shafukan gauraye a bayansa, domin a wasa na gaske babu mai raɗa wa yaro wane ɗa zai taɓa. Haka nan ka tabbatar akwai tambayoyin da baƙi ne ke da taku. Sa'annan idan tsohon bugu ne, ka duba rubutun takunsa: hukumar ces ta duniya, FIDE, ta daina amincewa da tsohon salon rubutu na siffantawa tun 1981, saboda haka ka tsaya ga mai amfani da haruffa a zuwa h da lambobi 1 zuwa 8.

Yanzu ga ainihin abin da ka yi kuka da shi. Ka fara musu da ruk biyu a kan sarki tilo, domin wannan ba ya bukatar taimakon sarki: ruk ɗaya ya tsare layi, ɗayan ya kai cek a layi na gaba, su yi ta karɓa-karɓa kamar mai hawa tsani, idan sarki ya matso kusa da ɗaya sai a janye shi zuwa can ɗaya gefen. Daga nan sai sarki da sarauniya, sa'annan sarki da ruk. Idan an yi wasa ba kuskure, sarauniya ba ta wuce taku 10 daga kowane matsayi, ruk ba ya wuce 16, bishof biyu 19, bishof da doki kuma 33. Dokar wasa ta ba ɗan wasa damar neman kunnen doki idan aka yi taku 50 kowane ɓangare ba a ci ɗa ba kuma soja bai motsa ba. Ka faɗa wa ɗalibanka waɗannan alƙaluma, domin su san cewa zagayen da suke yi yana da iyaka.

A kan sarauniya, hanya mafi sauƙi ita ce a ajiye ta nesa da baƙin sarki gwargwadon tsallen doki, a bi shi da ita taku bayan taku ba tare da kai cek ba, filinsa yana ta ƙanƙancewa. Haɗarin yana ƙarshe. Idan baƙin sarki ya kai h8, aka ci gaba da wannan bi, sarauniya za ta sauka a g6 ko f7, kuma duka biyun sitalmet ne: babu cek, babu kuma inda sarki zai taka. A nan ne yara da yawa suke zubar da wasan da suka riga suka ci, kuma wanda hakan ya taɓa faruwa da shi a gasa ba ya mantawa. Gyaran shi ne a tsayar da sarauniya a g5, a bar wa sarki gida biyu, h8 da h7, ya yi ta kai da kawo a cikinsu, farin sarki kuma ya tako a hankali har f7. Idan baƙin sarki yana h7, sarauniya ta hau g7 ƙarƙashin tsaron sarkinta, an gama. Littafi zai iya nuna zanen ƙarshe da zanen tarkon, kuma ya kamata ya nuna su gefe da gefe, amma ɗabi'ar dakatawa a tambayi kai ko abokin karawa yana da taku, a kan allo ake samunta.

Na ruk ya fi wuya, saboda yana ɗauke da wani tunani da ya saɓa wa zuciyar mai koyo, wato takun jira. Ka ɗauka baƙin sarki yana e8, farin sarki yana d6, ruk yana a7 yana tsare layi na bakwai, kuma fari ne ke da taku. Yaro zai kai sarkinsa e6 don ya fuskanci na baƙi, baƙin ya goce zuwa f8, yaro ya bi shi f6, baƙin ya dawo e8, su yi ta wannan rawa har matsayi ya maimaitu sau uku a tashi canjaras. Abin da ya dace shi ne ruk ya ɗan gusa daga a7 zuwa b7, bai yi komai ba illa miƙa wa baƙi taku. Idan baƙin sarki ya zo d8 ya fuskanci farin sarki da ƙafarsa, ruk ya hau b8, cekmet. Idan ya gudu f8, fari ya bi shi e6. Ya tafi g8, a bi shi f6. Ya shiga h8, a bi shi g6. Yanzu ba shi da inda za shi sai g8, ya fuskanci farin sarki dole, ruk ya hau layi na takwas. Littafi yana buga hanya guda ko biyu, sarkin da ke hannun abokin karawa kuwa yana da zaɓi a kowane taku, shi ya sa ɗalibin da ya karanta wannan sau biyar zai iya rikicewa da zarar an kauce wa abin da ke rubuce.

Maganin shi ne ka raba su biyu-biyu, ɗaya ya riƙe sarki da ruk, ɗayan sarki tilo a tsakiyar allo, mai sarki tilo yana ƙirga taku da ƙarfi, sa'annan su yi musaya. A ra'ayina, ɗalibin da ya gama da sarauniya cikin taku 20, da ruk cikin taku 30, sau uku a jere daga wurare daban-daban, ya iya. Mai riƙe da sarki tilo ma yana ƙaruwa, domin yana koyon manne wa tsakiyar allo da neman tarkon sitalmet. José Raúl Capablanca na Kyuba, a littafinsa na masu koyo da ya fito a 1921, shekarar da ya zama zakaran duniya, da waɗannan cekmet masu sauƙi ya buɗe babi na farko, kafin ya ce komai a kan buɗe wasa.

Bishof biyu za su iya jira har shekara ta gaba. Bishof da doki kuwa kada ka bari ya ci musu lokaci ko da littafin ya kawo shi, domin ba kasafai yake zuwa ba, kuma yana da wuyar da har Anna Ushenina, tana riƙe da kambun duniya na mata, ta kasa kammala shi cikin taku 50 a gasar Janeba ta 2013. Abin da ya ishe su shi ne su san cewa doki biyu ba sa iya tilasta cekmet a kan sarki tilo, bishof ɗaya ko doki ɗaya kuma ba sa iya yin sa ko kaɗan.

Game da yadda za a yi aiki da littafin, kowane ɗalibi ya sami nasa da fensir, ka kuma cire shafukan amsa ka riƙe. Minti goma sha biyar zuwa ashirin a zama ɗaya sun isa, kuma yin kaɗan sau uku ko huɗu a mako ya fi dogon zama guda. Kada su taɓa 'ya'ya yayin warwarewa. Wanda zane ya yi wa wuya ya jera matsayin a kan allo, ya naɗe hannu, ya warware da ido. A makonnin farko ina sa yara su ɗiga alama a kan kowane gida da ke kewaye da sarki kafin su rubuta amsa, kuma wanda ya kawo amsa daidai ba tare da zai iya gaya mini wane ɗa ne ke tsare da wane gida ba, ina mayar masa da littafinsa. Idan ka zo dubawa, kada ka rubuta amsar da ta dace. Ka zagaye zanen kawai, ka tambaye shi yadda zai tsira da shi ne baƙi. Yawanci kuskuren iri ɗaya ne yake dawowa ga yaro ɗaya: wani ba ya ganin bishof da ke nesa a layin karkace, wani yana manta cewa ana iya gitta ɗa, wani ba ya lura cewa sarki zai iya cinye sarauniyar da ba ta da tsaro. Da ka gane nasa, ka san shafin da za ka mayar da shi. Manhajojin waya da na kwamfuta suna da dubban tambayoyi kyauta, kuma suna da amfani daga baya, amma a wannan mataki suna koya wa yaro danna taku ya ga ko za a karɓa, alhali fensir yana sa shi ya yanke shawara tukuna.

Kada ka yi hanzarin kai su ga cekmet na taku biyu. Idan ɗalibi yana warware shafin gauraye na taku ɗaya cikin 'yan mintuna, kuskurensa bai wuce ɗaya ba cikin goma sha biyu, lokaci ya yi. A nan ka ƙara doka guda: bayan takunsa na farko, ya rubuta duk amsar da baƙi zai iya bayarwa, da cekmet ɗin da ke biye da kowace, ba wadda yake fata kaɗai ba. Ka fara da tambayoyin da takun farko cek ne, ka ajiye masu taku mai laushi sai gaba. Idan sun kai ƙarshen littafin, su goge fensir su sake shi daga farko bayan wata guda, ka rubuta lokacin da kowa ya ɗauka a zagaye na farko da na biyu a bangon littafinsa, kuma ka ci gaba da buɗe kowane darasi da minti biyar na sarki da ruk a kan allo har zangon karatu ya ƙare.